Abin da Muka Zuba wa Yaya, Shi Take Zuba wa Ƙani

 

An ce in yi magana kan zaman yara da 'yan uwansu. To, da laifina zan fara. Lokacin da na shiga sana'ar ƙuli da man gyaɗa, babbar 'yata tana da shekara 9. Ita ke goyon ƙaninta daga hantsi har azahar, ni ina bakin kasko. Wata rana ina matsar tunkuza sai na jiyo ta a bayan ɗaki tana yi masa faɗa. Wallahi muryata na ji. Kalma ɗaya ba ta canza ba, har tsakin da nake ja. Na ajiye abin hannuna na yi shiru.

Kun ga, mu muna ɗauka mu ke tarbiyya. Amma ku lissafa: awa nawa yaro yake yi a gabanki, awa nawa yake yi a bayan yayarsa? A wurinta yake koyon magana, da yadda ake cin abinci a kwano ɗaya, da yadda ake roƙo ko ƙwace. In ta iya rarrashi, zai iya. In duka ta sani, shi ma da ya samu wanda ya fi ƙarfi zai ɗora.

Ita kuwa yayar, wa ke rarrashinta? Al'adarmu ta sa muna kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ma faɗa, ba ma jansa a jiki a gaban mutane. Auta kuma shi ne ɗan gata. Da rigima ta tashi, kafin mu ji ba'asi mun yanke hukunci: "Ke ce babba, bar masa." Kullum bar masa! Tawa 'yar ta bar masa a gabana, in na juya baya ta mintsine shi. Sai da na fara tsayawa ina sauraron kowa, wani lokaci in ce ƙaramin ne bai kyauta ba, ya ba ta haƙuri, sannan mintsinin ya tsaya.

Masu abokan zama, ku yi mini afuwa, zan taɓa ku kaɗan. Yaro ba a haifarsa da sanin 'yan uba. Ranar da kika ce masa kada ya ci tuwon ɗakin can, ranar kika koya masa. Ku kuna iya shiryawa da kishiyarki gobe, su kuwa sai su kai abin har rabon gado. Malamai sun sha faɗa mana yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi yin shaida kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai, ban da sauran 'ya'yansa.

Roƙona ga kwamiti ɗaya ne. Ranar aikin gayya da ranar zubin adashi, da yawanmu muna hana manyan 'ya'ya mata zuwa makaranta don su riƙe mana jarirai. Ni ma na yi. Mu ware mata biyu a cikinmu, bi da bi, su zauna da yaran a ƙarƙashin rumfa, a ba su nasu kason cikakke kamar sun yi aikin. Hajiya sakatariya, don Allah a sa shi cikin abin da za mu tattauna a zama na gaba.