Ƙwarƙwata a Kan Yara: Abin da Ke Magani da Abin da Ke Kisa



Da kwamiti suka ce in yi magana kan lafiyar yara, sai na ce ƙwarƙwata zan ɗauka. Na san wata za ta ce a ranta, ranar biki, an ci ado, an sha kitso da lalle, sai a kawo mana zancen ƙwarƙwata? To, ku yi haƙuri da ni. Abu ne da kusan kowace uwa a nan ta taɓa fama da shi, amma ba mai faɗa. Idan zazzaɓi ya kama yaro, har maƙwabta sai sun ji, kowa ya kawo shawara. Ƙwarƙwata kuwa sai a saki labule, a yi magani a ɓoye, don kada a ce gidan wance ƙazamai ne. A cikin wannan ɓoyon ake shafa wa yara abin da ya fi ƙwarƙwatar illa nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da cire wannan kunyar. Ƙwarƙwatar kai ba ruwanta da ƙazanta. Jini take sha, ba datti ba, kuma kan da ake wankewa kullum da wanda ba a wankewa duk ɗaya ne a wurinta. Ba ta da fiffike, ba ta tashi, ba ta tsalle kamar ƙuma. Rarrafe kawai take yi da ƙafafunta shida, tana maƙale da silin gashi. Yawanci tana ƙaura ne idan kai ya haɗu da kai: yara sun kwanta katifa ɗaya, sun haɗa kai suna kallon waya, ko sun cunkushe a benci ɗaya a makaranta. Aron ɗankwali, hijabi, hula ko mataji shi ma yana iya kawo ta, amma bai kai haɗa kai ba. Ba a ɗaukarta daga kaji ko awaki ko kyanwa, ta mutum ce kawai. Kuma ta kai ba ta yaɗa cuta. 'Yar uwarta ta jiki, wadda ke zama a ɗinkin tufafi, ita ce mai kawo wasu zazzaɓi, wannan kuma zance ne dabam.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don duk maganin a nan yake. Babbar ƙwarƙwata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba. Tana yin kamar kwana 30 a kai, macen kuma tana saka ƙwai wajen 6 a rana. Takan manne kowane ƙwai a gindin gashi, dab da fata inda akwai ɗumi, da wani irin danƙo da sabulu ba ya cirewa. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Ɗan da ya fito sai ya yi mako guda ko fiye kafin shi ma ya girma ya fara saka nasa. Kun ga ke nan, idan kika kashe duk manyan yau, kika ce alhamdu lillahi an gama, ƙwayayen suna nan suna jira. Bayan mako ɗaya yarinya ta koma susa, sai uwa ta ce maganin bai yi ba, bari in nemo mai ƙarfi. Alhali ba ƙarfi aka rasa ba, maimaitawa aka rasa.

Wannan neman mai ƙarfin shi ne ke kai mu ga fiya-fiya da Sniper. 'Yan uwa, don girman Allah, kada wadda ta ƙara ɗiga wannan abu a kan yaro, ko an sirka shi da mai, ko da ruwa, ko ɗigo ɗaya ne. Sinadarin da ke ciki, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, maganin ƙwarin gona ne. Ba sai an sha shi yake kisa ba, yana ratsa fata ya shiga jini, balle fatar kan da aka susa ta yi rauni, aka kuma ɗaure ta da ɗankwali aka kwana. A shekarar 2019 jaridu sun ba da labarin wata budurwa 'yar bautar ƙasa a Jihar Osun da ta rasu bayan ta shafa Sniper a gashinta don ta kashe ƙwarƙwata. Babbar mace ke nan, ina ga yarinya 'yar shekara biyar? A wannan shekarar ce hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna, amma ni da ku mun san har yanzu ana samu.

Idan kuma an riga an shafa, kika ga yaro yana dalalar da miyau, yana gumi, yana amai ko gudawa, numfashinsa na sarƙewa, ko jikinsa na karkarwa, to ba lokacin jiran maigida ya dawo ba ne. Ki tuɓe masa kaya, ki wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, ki ɗauki kwalbar ki tafi da shi asibiti nan take. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Ki faɗa wa likita gaskiyar abin da aka shafa, don akwai allurar da ke karya wannan gubar, kuma sai ya san ita ce zai yi saurin bayarwa.

Kananzir ma haka. Yana ƙona fata, kuma gidajenmu akwai murhu, akwai risho, akwai fitila. Gashin da ya sha kananzir tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Sai kafur, wannan farin ƙwallon da muke jefawa a akwatin kaya. Wasu na daka shi su kwaɓa da man gashi. Akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira G6PD, tana da yawa a ƙasar nan, musamman ga yara maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da ita ba. Irin wannan yaro idan kafur ya shiga jikinsa sai jininsa ya riƙa fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, har ta kai ga ƙarin jini. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Haka man miƙar da gashi da wasu ke shafa wa ƙananan yara don wai ya ƙona ƙwarƙwata, ƙuna kawai yake ƙara wa kan da ke da gyambo.

To, me ya rage mana a gida? Mai da mataji, da ƙidayar kwanaki.

Man kaɗanya, man kwakwa, man zaitun, ko man laushin gashi da ake shafawa bayan wanki, kowanne kika samu ya yi. Amma in faɗa muku gaskiya, man ba shi ne maganin ba. Aikinsa ya sa ƙwarƙwata ta kasa gudu, ya kuma sa mataji ya wuce ba tare da yarinya ta yi ta ihu ba. Ƙwai kam bai dame shi da mai ba. Haka man darbejiya da muke yabo, a iya shafawa kaɗan a gauraya da wani man, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, kada a shafa wa jariri, kuma a kiyaye kada yaro ya lasa, don shansa na da haɗari ga ƙananan yara. Tafarnuwa, albasa da lemon tsami kuwa, raɗaɗi da hawaye kawai za su jawo miki. Masu ɗaure kan yaro da leda ya kwana, su ma su daina. Leda na iya zamewa cikin barci ta toshe hanci.

Ga yadda ake yi. Da farko sai an tsefe kitson gaba ɗaya. Na san da ciwo, kin biya kuɗin kitso shekaranjiya, amma ƙwarƙwata a ƙarƙashin kitso take samun mafaka, mataji kuma ba ya shiga can. Ki wanke kan, ki bar shi da danshi, ki shafa mai sosai tun daga fata har baki. Ki fara taje shi da babban mataji ya warware. Sannan ki zauna wuri mai haske, tsakar gida da hantsi ya fi, ki shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarki ko a kafaɗarta. Ki raba gashin gida-gida ƙanana kamar za ki yi kalaba, ki ɗaure sauran. Ki ɗauko matajin nan mai ƙananan haƙora matsattsu, na ƙarfe ya fi na roba ƙarko. Ki kafa shi a kan fata, ki ja har ƙarshen gashi, ki goge a ƙyallen, ki duba. Kowane gida a bi shi sau uku ko huɗu. Bayan kunne da ƙeya a daɗe a wurin, nan suka fi taruwa. Gashinmu mai cika ne da murɗewa, wani wurin matajin ba zai wuce ba, to nan farce zai yi aiki kamar yadda kakanninmu suke yi, ki kama ƙwan ki zare shi ta silin. Kai mai cika yana iya cin rabin awa ko fiye. Ki ba ta gyaɗa ko ki sa yayarta ta yi mata tatsuniya, kada a mayar da abin horo.

Yawwa, sai ƙidaya. Za a yi wannan tajewar sau huɗu, ranar farko, rana ta 5, ta 9 da ta 13, sannan a duba a rana ta 17. In sauƙaƙa muku: idan kin fara ranar Asabar, sai Laraba, sai Lahadi, sai Alhamis, ki duba ran Litinin. Hikimar ita ce duk ɗan da ya ƙyanƙyashe a tsakani, kin kwashe shi tun bai isa saka ƙwai ba. Wadda ta tsallake zama ɗaya ta ba su damar sake gini. Cikin waɗannan kwanaki a riƙa yi wa yarinya manyan kitso guda huɗu ko shida masu sauƙin tsifa. Shuku da zane-zane su jira bayan mako biyu. Yaro namiji kuwa kun huta, a kai shi wurin wanzami ko mai aski a yi masa ƙwal. 'Ya mace ba sai an aske ta ba, kuma ni ba na son a yi, don tsokanar da za ta sha a makaranta ta fi ƙaiƙayin ciwo.

Ranar da kika fara, ki duba kan kowa a gidan, har naki, har na 'yar aiki da 'yar riƙo, ba tare da nuna wa kowa yatsa ba. Duk wanda aka ga mai rai a kansa a fara masa rana ɗaya da sauran, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna. Wanda ba a ga komai ba a ƙyale shi. Kuma ba kowane fari-fari ba ne ƙwai. Amosani idan kika kaɗe yana zuba, ƙwai kuwa yana manne. Wanda ya yi fari ƙal kuma ya yi nisa da fata, yawanci ɓawo ne, mai shi ya riga ya fita. Ku sani kuma ƙaiƙayi yana iya jinkiri. Yaron da ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida bai fara susa ba, saboda haka 'yan makarantar kwana idan sun dawo hutu a duba su ko ba su yi ƙorafi ba.

Zancen kayan ɗaki ba shi da tsawo. Ƙwarƙwata idan ta bar kai ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu take mutuwa. Rigar filo, zanen gado, ɗankwali, hula da hijabin da aka yi amfani da su cikin kwana biyun baya, a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, a goge idan da hali. Mataji da tsinken kitso a jiƙa su a ruwan zafi minti 10. Ba sai an fesa wa ɗaki magani ba, ba sai an ƙona katifa ba, kuma ba sai an hana yaro zuwa makaranta ba.

Idan kin yi zaman nan huɗu tsakani da Allah, rana ta 17 kika sake ganin mai rai, ko kuma yaran suna da yawa ba za ki iya bin su da mataji ba, sai a je ga maganin kanti. Akwai wanda aka yi don kan mutum, fametirin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Ki saya wurin mai ilimin magani, ki duba lambar NAFDAC. Ana shafawa a bar shi minti 10 a wanke, a maimaita bayan kwana 9 ko makamancin haka, saboda dai wannan zancen ƙwai. Jaririn da bai kai wata biyu ba ba a shafa masa, mai ciki da mai shayarwa kuma su fara tambaya. Idan kan ya yi ƙuraje masu ruwa ko mugunya, gashi ya manne yana wari, kaluluwa ta fito a wuya, ko zazzaɓi ya shigo, wannan ya wuce aikin gida, ƙwayar cuta ta shiga inda aka susa, sai asibiti.

Ina da roƙo biyu. Na farko ga 'yan uwanmu makitsa, kuna da yawa a ƙungiyar nan, kuma ku ne kuke fara gani kafin uwar ma ta gani. Idan kin gani, kada ki tafa hannu ki kira na kusa su zo kallo. Ki ja uwar gefe ki faɗa mata a hankali, ki gaya mata kwanakin nan, ki kuma jiƙa kayan aikinki a ruwan zafi kafin ki taɓa kai na gaba. Yarinyar da aka kunyata a gidan kitso, gobe ɓoyewa za ta yi.

Na biyu ga kwamiti. Muna saro shinkafa, sabulu da atamfa mu raba a farashin sari. Ina roƙo a sarin da ke tafe a haɗa da wannan ƙaramin mataji na ƙarfe, ko dozin biyu ne a fara, kowane gida ya mallaki nasa, don ba abin aro ba ne. Na zo da guda uku a jaka. Wadda take son ganin yadda ake riƙe shi da yadda ake raba gashin, ta same ni a bakin ƙofa bayan an ci abinci.