Gyara Ba Tare da Gogewa Ba

Lacca ga matasa masu koyon rubuta manhaja, Inkil, Bauchi



Duk wanda ya taɓa cin bashi a shagon unguwa nan Inkil ya san littafin nan da ake ajiyewa ƙarƙashin kanta. Mai shago mai wayo, in an kawo masa dubu biyu cikin bashin dubu biyar, ba ya goge biyar ɗin. Sai ya sauka layin ƙasa ya rubuta: saura dubu uku. Ranar da gardama ta kaure, tsohon layin ne zai raba ta.

A kan irin wannan ɗabi'a aka gina wasu harsunan kwamfuta: Haskell da ya fito a 1990, da Erlang na kamfanin Ericsson, harshen da WhatsApp ya dogara da shi wajen kai saƙo, da Clojure da Rich Hickey ya fitar a 2007. A wurinsu, bayani in ya ajiyu, ya ajiyu ke nan. Ɗalibin da ya tashi da Python nan yake fara tsaki. To in buhun masara ya tashi, yaya za a gyara farashinsa cikin jerin kaya miliyan guda?

Ba a taɓa tsohon jerin. A Clojure, umarnin assoc yakan karɓi jerin da gurbin da sabon farashi, ya miƙo sabon jeri, tsohon na nan daram.

Sai a ce ai wannan ɓarna ce, kwafe abu miliyan saboda guda ɗaya. Ba a kwafe su. Jerin a shirye yake kamar bishiya, kowane reshe na ɗauke da rassa 32. Hawa huɗu kacal sun isa ɗaukar abu 1,048,576. Rassa huɗun da ke kan hanya daga gindi zuwa inda masarar take, su kaɗai ake sakewa. Sauran duka tarayya ake yi a kansu tsakanin tsohon jeri da sabo. Kamar babban gida ne mai sassa da yawa: an fitar da sabon zaure da lungun da zai kai mutum sabon ɗaki, amma rijiya da rumbu da sauran ɗakuna na kowa ne. Chris Okasaki ya tattara irin waɗannan dabaru a littafinsa na 1998, Hickey kuma ya ɗora a kan aikin Phil Bagwell na 2001.

Ribar a fili take. Sassan manhaja goma za su iya karanta jeri ɗaya lokaci guda, babu fargabar wani ya sauya lissafi ana tsakiyar tarawa. Komawa baya kuma kyauta ce. Wanda ke amfani da Git, da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ya daɗe yana cin wannan moriya ko bai sani ba.

Sai dai akwai wahalarsa. Tsofaffin rassan da babu mai buƙatarsu sukan taru a ƙwaƙwalwar na'ura sai sashen manhajar da ake kira mai kwashe shara ya bi ta kansu, shi ma kuwa lokaci yake ci. Abin da ya fi cin rai shi ne bayani mai nisan ciki: lambar waya cikin adireshi, adireshi cikin bayanan ɗalibi, ɗalibi cikin aji. A Haskell tsagwaronsa sai an sake ɗinke kowane hawa da hannu, shi ya sa masu harshen suka rungumi dabarar da suke kira lens. Clojure ya taƙaita zancen da assoc-in: a ba shi hanya, aji, ɗalibi, adireshi, lamba, shi zai sake rassan da kansa.