IDAN BIRKI YA SHANYE A KAN HANYAR GIDA

Shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamanmu, 'yan uwa 'yan asalin Ruwan Gizo da Talata Mafara da Bakura da Maradun mazauna birane, muna yi muku barka da zuwa.

Neman abinci ya raba mu da gida, amma zumunci na dawo da mu duk lokacin Salla, ko biki, ko ta'aziyya. Mazauna Kaduna da Abuja kan biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, su wuce Bunguɗu da Maru kafin su iso Mafara. Na Sakkwato kuwa ta Tureta suke sauka. Galibi motar cike take da iyali da tsaraba, ga kuma halin tsaro da ke sa kowa sauri don kada dare ya yi masa a hanya. Wannan ne ya sa muka zaɓi yin magana a kan abin da ya wajaba direba ya yi idan ya taka birki ya ji wayam.

Mu fara da lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In kuwa aka ninka gudu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka har sau huɗu. Saboda haka ɗan lokacin da mutum zai ɓata a ruɗe shi ne ke raba tsira da halaka.

Da farko, a ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari da hannu biyu. Na biyu, a riƙa taka birkin ana saki da sauri, sau da yawa. Motocin zamani hanyar man birkinsu biyu ce, in ɗaya ta fashe ɗayar kan kama, sai dai tana buƙatar a taka da ƙarfi har ƙasa.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya: daga ta biyar zuwa ta huɗu, zuwa ta uku, zuwa ta biyu. Injin da kansa zai riƙe motar. Kada a tsallake daga ta biyar zuwa ta ɗaya, domin tayoyi na iya zamewa. Mai motar otomatik ya mayar da ita 3, sannan 2, sannan L.

Na huɗu, in gudu ya ragu, a ja birkin hannu sannu a hankali, yatsa na danne da maɓallinsa, yadda za a iya sassautawa in bayan motar ya fara juyawa. Fizgar sa gaba ɗaya kan wuntsilar da mota. A lokaci guda a kunna fitilun gargaɗi, a danne oda, musamman in ana dab da gari ko kasuwa, irin cinkoson da muka sani ranar Talata a Mafara.

In duk wannan bai isa ba, a nemi tudu, ko yashi, ko ƙananan ciyayi a gefen titi, a goga motar da su. Gara a yi asarar ƙarfe da a shiga cikin jama'a ko a yi karo da motar da ke tahowa.

Abubuwa biyu ne muke roƙon a guje musu. Kada a kashe inji mota na tafiya, domin sitiyari zai yi tauri, ragowar ƙarfin birkin ma ya tafi, in an zare makulli kuma sitiyarin na iya kullewa. Kada kuma fasinja ya yi yunƙurin dirowa. Bel ɗin da ke ɗaure da shi ya fi masa kwalta. Bayan an tsaya, kada a ce za a lallaɓa zuwa gida. A nemo bakanike, ko a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, a lambarta ta gaggawa 122.

'Yan uwa, birki ba ya cika shanyewa ba tare da ya ba da alama ba. In ya yi laushi, ko yana ƙara, ko man yana raguwa, ko jar fitilarsa ta kama, to magana yake yi. Man birki na shan danshi, in ya tsufa yakan tafasa idan ya ɗauki zafi, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. A zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, ban da haɗe-haɗen bakin hanya. Rigakafi ya fi magani, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Muna kira ga rassanmu na birane da su isar da wannan bayani ga direbobinmu na haya da 'ya'yanmu masu koyon tuƙi. Allah Ya tsare hanyoyinmu, Ya ba Zamfara zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.