Amsoshin Wasiƙunku: Ciwon Damuwa Ba Ragwanci Ba Ne

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah a ƙasar Gumel, manomi kuma mai sayar da hatsi, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce wata huɗu ke nan ba ya samun barcin kirki, abinci ya fita a ransa, ya daina cin kasuwa, ciyawa ta cinye gonarsa. Malamin asibitin garinsu ya ce masa ciwon damuwa ne, ya tura shi babban asibiti, amma ya ƙi zuwa. A ganinsa shi rago ne kawai mai raunin imani, kuma in aka gan shi a can za a ce ya haukace, 'ya'yansa mata su rasa manema.

To Malam, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Ka lura da abu guda: babu wanda ya kira ka rago tukuna, kai ne ka riga kowa. Tun muna yara muke jin ana tsokanar mutum da cewa a kai shi Dawanau ko Kware. Maganganun nan sukan kwanta a zuciya, ranar da ciwo ya zo sai mutum ya ɗauko su ya jefi kansa da su. Kuma likitoci sun tabbatar cewa ganin kai ba a bakin komai ba, da yawan ɗora wa kai laifi, suna cikin alamomin ciwon. Wato muryar da ke zaginka ta ciwon ce.

Kai manomi ne, ka san ƙuduji. Tun bai fito fili ba yake tsotsar saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa. In geron ya tsumbure, wa zai ce ragwanci ne ya hana shi girma? Haka wannan ciwo yake tsotse ƙarfin mutum da sha'awarsa a ɓoye.

Ba kai kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 280, kuma ya fi kama mata. Ana gane shi in baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya zauna wa mutum kusan kullum har mako 2 ko fiye. A 2023 ɗin kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu irin wannan lalura bambanci.

Batun imani kuwa, mai hawan jini yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya zarge shi. Kai ma haɗa biyun. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ai sun kuma ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sai ka yi shela a kasuwa ba. Zaɓi mutum ɗaya da ka amince da shi, uwargida ko amini, ya raka ka. Likita ba ya tona asirin majinyaci. In an ba ka magani, yakan ɗauki makonni kafin ka ji sauƙi, kuma kada ka daina sai da izinin likita.

In har ka taɓa jin mutuwa ta fi maka, ka gaya wa wani yau ɗin nan, a kwashe maganin feshi daga gidan, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ku kuma 'yan'uwa, mu iya bakinmu. Ba ka san wanda ke zaune kusa da kai a majalisa yana haɗiye maganarka ba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.