Cikin Bayan Mahaifa: Amfanin Ɗaukar Hoto da Wuri



Ba kowane ciki ne yake zama inda ya kamata ba. A cikin ɗari, ɗaya ko biyu sukan zauna a wajen mahaifa, galibi a cikin siririn bututun nan da ƙwai yake bi ya gangaro. Shi kuwa wannan bututu ba shi da wurin da tayi zai girma. Idan aka bar shi, yana iya fashewa, jini ya riƙa zuba cikin ciki inda ido ba ya gani, mace ta halaka cikin sa'o'i kaɗan.

A da, likita ba ya tabbatar da wannan sai ɓarna ta auku. A 1958 Farfesa Ian Donald na birnin Gilasgo a Birtaniya ya bayyana yadda ake duba cikin mace da sauti, watau na'ura ta aika sautin da kunne ba ya ji, ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya zama hoto. Wannan shi ne sikanin. Ba ya ƙona jiki, ba ya cutar da tayi.

Tun ciki yana da kamar mako 5 zuwa 6 ake iya ganin mazauninsa, musamman idan aka duba ta gaba. To, idan gwajin fitsari ya nuna akwai ciki, amma hoto ya nuna mahaifa wayam, lalle likita zai yi zargi. Yakan auna jini, ya sāke aunawa bayan awa 48, ya kuma maimaita hoton. In an gane shi bai fashe ba, wani lokaci allurar methotrexate ta wadatar, ba sai an yi tiyata ba. Ko da an cire bututun, mace tana iya haihuwa da ɗayan.

Abin takaici, mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wasu don kunya, balle a cikin fari. Wannan jinkiri shi ne yake kisa. Matar da ta yi ɓatan wata, sa'an nan ta ji ciwon mara a gefe guda, ko ɗigon jini baƙi-baƙi, ko jiri, ko ciwo a kan kafaɗa, kada a tsaya ba ta jiƙo ko maganin kemis. Wajibi ne maigida ya kai ta asibitin da ke da na'urar hoto a wannan rana. In kuwa ta suma, a tafi da 'yan'uwan da za su iya ba da jini.