Jawabi ga Iyaye kan Gasar Ƙwallon Yara



Wannan gasa ta yara ce, waɗanda suka zo daga Burkina Faso da 'yan gari, nan Dapaong da kuma Sokodé. Kowace ƙungiya a gauraye take, babu ta baƙi daban. Yara mata ma suna da tasu. Rajista kyauta ce. Duk wanda ya nemi ko dala a hannunku, ku sanar da ofishinmu.

Ga roƙonmu: makaranta tukuna, sannan fili. Ku haɗa yaro da gorar ruwa, don zafin yankin Savanes ba wasa ba ne. Za a tashi kafin magariba, babba ya zo ya raka shi gida.

A bakin fili, ban da zagin alƙalin wasa ko ɗan wani. Yawancin yaran nan sun ga tashin hankalin da ya ishe su. Babban da ya tada faɗa, shi za a fitar, ba ɗansa ba.

Adebayor, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2008, a Lome ya fara yana yaro kamarsu. Allah ya raya mana su.