Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Mugun Manemi Yana Hanawa

Jawabin da aka gabatar a taron haɗin gwiwa na dattawa, zumuntar mata da matasa na ikilisiyoyinmu da ke kewayen Sharaɗa, Challawa da Bompai, Kano.

An ce in yi magana a kan abu biyu: alamun haɗari a lokacin neman aure, da kuma manya masu komawa makaranta. Da na ga takardar gayyata na ce a raina, ina ruwan biri da gada? Amma da na tuna matsalolin da suka zo gaban dattawa a 'yan shekarun nan, sai na ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Halin da muke ciki

Iyayenmu da yawa sun baro gida daga Kudancin Kaduna, Filato, Tafawa Ɓalewa da ƙasar Tangale, wasu kuma daga nan kusa, Rano da Sumaila da Tudun Wada, suka zo birni saboda aikin kamfani. A lokacin, mai takardar firamare yakan sami aiki a masaƙa, ko kamfanin roba, ko majemar fata, ya yi aure, ya sa 'ya'yansa makaranta. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wutar lantarki, da atamfa mai arha da ake shigowa da ita daga waje, kamfanoni da yawa suka kulle ƙofofinsu. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota daga Panshekara zuwa wurin aiki kaɗai ya isa ya cinye wa lebura albashi. Da yawa daga cikinmu ma'aikatan wucin gadi ne, yau akwai aiki, gobe a ce a dakata.

Shi ya sa muke ganin masu shekara talatin, arba'in, suna neman biro da littafi. Ina so ikilisiya ta san cewa wannan abin godiya ne ga Allah. Fitowa 7:7 ta gaya mana Musa yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. A Ayyukan Manzanni sura 18, Afolos babban mai wa'azi ne, duk da haka ya zauna Akila da matarsa suka ƙara masa sani.

Hanyoyi kuwa suna nan. Wanda bai yi nisa ba, akwai Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Wanda ya rasa kiredit biyar, haɗe da Turanci da Lissafi, zai iya zana jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, mai sana'ar hannu kuma akwai NABTEB. Mai son koyarwa, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, da aka kafa a 1976, tana ba da NCE ta hanyar karatu daga nesa. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo, kuma tana da cibiya a nan Kano. Sai dai a yi hattara da masu sayar da takarda. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Makarantar ƙarya da manemin ƙarya bakinsu ɗaya ne: kawo kuɗi yanzu, kada ka tambayi kowa.

Kuskuren da na yi

'Yan'uwa, zan ba ku labari, ba don in tona asirin kowa ba, sai dai nawa. Wata 'yarmu, ba zan faɗi sunanta ko ikilisiyarta ba, tana aiki a wani kamfanin roba. Shekarunta sun haura talatin. Ta yi shekara biyu tana zuba adashe don ta shiga NCE. Ana cikin haka wani ɗan'uwa ya fito neman ta. Ba ya fashin sujada, addu'arsa kuwa sai ka ce sama za ta buɗe. Ya ce ta ba shi kuɗin ya juya a kasuwa, bayan biki shi zai biya mata makaranta. Ta zo wurina hankalinta bai kwanta ba. Ni kuwa na dubi shekarunta, na ce ta yi haƙuri, miji ba ya samuwa kullum, makaranta ba za ta gudu ba.

Aka ɗaura aure, ni na ɗaura. Kuɗin bai dawo ba. Da ta tuna masa alkawari ya ce so take ta fi shi. Littattafan da ta fara tarawa ya ƙone su a tsakar gida. Rana ta ƙarshe a gadon asibiti na same ta. Ba ta zarge ni ba, abin da ta ce kawai shi ne, “Baba Fasto, ai na gaya maka.” Na roƙi gafarar Allah, na roƙi tata. Ta ga alama, ni makiyayinta na rufe mata ido.

Alamun da za a lura da su

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Abin da na koya shi ne, yadda manemi yake ɗaukar karatunki, haka zai ɗauki rayuwarki. Ga alamu biyar.

Na ɗaya, yana miƙa hannu ga kuɗin makaranta. Kuɗin da aka tara da aikin dare a gaban injin ba jarin saurayi ba ne. Ku maza ma, idan budurwa ta ce a fasa rajista a ƙara akwatunan lefe, ta nuna maka abin da take so a wurinka.

Na biyu, yana ba'a da ƙoƙarinki. Ranar jarrabawa ce yake tayar da rigima, yana ce miki tsohuwar ɗaliba a gaban abokansa, in kin ci ba ya murna. Afisawa sura 5 ta auna ƙaunar miji da yadda Almasihu ya ba da kansa domin ikilisiya. Wanda ba zai ba da yammacin Asabar ɗaya don ki yi bita ba, ina zai ba da ransa?

Na uku, yana raba ki da mutanenki. Yana binciken wayarki, yana hana ki zuwa zumunta, yana zargin kowane ɗan aji da kowane malami. Wannan ba ƙauna ba ce, shinge ne yake kafawa.

Na huɗu, yana gaggawa kuma yana ɓoyo. Mu baƙi ne a juna, kowa garinsu da nisa, don haka mutum zai iya barin mata da 'ya'ya a ƙauye ya zo aji ko kamfani ya ce shi gwauro ne. Idan ya ƙi kawo takarda daga fastonsa na gida, ya ƙi a yi shela a majami'a, ya ƙi sanarwar kwana 21 a wurin rajistar aure, a tambayi dalili. Haka in ya ƙi gwajin jini. Masu AS biyu, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure.

Na biyar, ya ɗaga hannu. Ko sau ɗaya ne, ko ya yi kuka ya ce Shaiɗan ne. Duk mun ji labarin mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu da ta rasu a Afrilun 2022, a 2025 kuma kotu a Abuja ta sami mijinta da laifin mutuwarta. A Littafin Mahukunta sura 16, sau uku Delila ta nuna wa Samson nufinta a fili, sau uku ya koma. Allah yakan nuna alama, mu ne muke kau da kai.

Kira ga dattawa da iyaye

Dattawa, mu daina mai da aure maganin rashin aikin yi. Idan 'ya ta zo ta ce ranta bai kwanta ba, mu saurara, mu bincika, kada mu tsorata ta da shekarunta. Fasa alkawari da zafi, amma ya fi jana'iza sauƙi. A cikin koyarwar kafin aure mu tambayi masu neman juna a gaban shaidu: wa zai biya kuɗin makaranta, wa zai riƙe yara ranar darasi, shekara nawa za a jure? Ubangiji da kansa, a Luka sura 14, ya ce mai shirin gini ya fara zama ya yi lissafi.

Iyayenmu na zumuntar mata, ku riƙe wa ɗalibanmu yara ranar Asabar. Malaman makaranta da ke cikinmu, ku ba da yamma ɗaya a mako don darasin Turanci da Lissafi, bencinan majami'a suna nan ba kowa a kansu daga Litinin zuwa Juma'a. Kowace ikilisiya kuma ta duba ko za ta keɓe baiko ɗaya a shekara don kuɗin jarrabawar manya.

Ku magidanta da matanku suke son karatu, ba a rage muku girma ba. Ranar da aka kulle ƙofar kamfani, albashin malamar da ke gidanka ne zai sa tukunya a wuta.

'Yar nan da na ba ku labarinta tana raye, godiya ga Allah. Ta sake zuba adashe daga farko, yanzu tana aji. Ita ce ta ba ni izini in faɗi wannan, ta ce in gaya wa ƙannenta kada su jira gadon asibiti. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu, ya sa albarka a kan karatun masu karatu. Bari mu yi addu'a.